Minti 45 ko awa uku? 'Yan ɗaga ƙarfe mun bar jaki muna dukan taiki

Wata Talata bayan la'asar a ɗan jim ɗin da muke zuwa wajen Yelwa nan Bauchi, irin jim ɗin nan da rabin kayan na kanti ne rabi kuma aikin mai walda ne da siminti a gwangwanin madara, wani yaro ɗalibi yana tsakiyar ɗaga ƙarfe sai wayarsa ta fara ƙara. Kawai ya dire ƙarfen ya ɗauki tawul ɗinsa zai tafi. Na ce kai lafiya, ai saura set biyu, wato zagayen ɗagawa biyu. Ya ce "Yaya minti 45 ya cika, in na ƙara ko minti biyar ne kotizol zai fara cinye min tsoka." Kotizol ɗin nan homon ne, wato sinadarin da jiki ke fitarwa cikin jini, yana hawa lokacin wahala. A gefe ga wani ƙato da kowa ke ce ma Oga, shi tun ƙarfe huɗu yake zuwa kuma baya fita sai an kira magariba, wani lokacin ma ya yi sallah ya dawo, ya kwashe da dariya ya ce yaran yanzu ragwaye ne, ƙarfe baya son mai kallon agogo. Gardama ta kaure har mai kawo mana ruwan leda ya sa baki. Ni dai ranar shiru na yi dan na san halina, in na fara ba zan gama ba kafin a tada iƙama.

Toh ga abun da ban faɗa ba ranar. Su biyun duk sun bar jaki suna dukan taiki. Na daɗe a harkar nan, na yi zamanin awa uku na yi zamanin kallon agogo, kuma abun da na gane shi ne tsawon zamanka a jim shi ne mafi ƙanƙantar abun da ya kamata ya dame ka. Ginin jiki ko rushewarsa yana faruwa ne a sauran awa ashirin da biyu da baka cikin jim, a kan katifa da gaban kwano. Kuma maganar ta wuce ta 'yan jim ɗinmu, dan yanzu unguwa nawa ce a Bauchi babu wajen ɗaga ƙarfe? Daga Gwallameji zuwa Fadaman Mada zuwa Wunti, ka leƙa wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da sassafe ka ga samari, wasu na shirin neman aikin soja ko ɗan sanda, wasu dan riga ta zauna musu ranar biki, kuma kusan duk iliminsu daga TikTok ne da bakin wanda ya fi kowa ƙwanji a wajen.

Ita maganar minti 45 ɗin ba a Bauchi aka haife ta ba. Yawanci ana danganta ta da 'yan ɗaga ƙarfen ƙasar Bulgeriya a zamanin kocinsu Ivan Abadjiev, wanda yake raba musu atisaye gajere gajere sau da yawa a rana, su ɗaga su huta su ci abinci su dawo, kusan kullum. Daga nan labari ya bazu cewa wai bayan minti 45 testosteron, homon ɗin maza, yana faɗuwa kotizol ya hau, mujallu suka kwafa, yanzu kuma 'yan bidiyo suka gada. Abun da ba a gaya wa yaronmu ba shi ne waɗancan mutanen in ka haɗa atisayensu na yini guda awoyi ne masu yawa, ba su da wata sana'a sai ita, gwamnati ke ciyar da su. Kuma a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul an kama biyu daga cikinsu da haramtaccen magani aka ƙwace musu zinare, tawagar ta janye daga sauran gasar. Wato ka ɗauko dokar mutanen da ke rayuwa irin wannan ka ɗora wa ɗalibin da ya karya da koko da ƙosai uku.

Bari in ɗan yi bayanin homon ɗin nan da ake ta tsorata mutane da su, dan da yawa masu ambatonsu ba su san aikinsu ba. Gaskiya ne in ka yi atisaye mai nauyi, musamman na ƙafa da baya, testosteron da homon ɗin girma suna ɗan hawa a jini. Amma hawan na ɗan lokaci ne, cikin kaman awa guda sun koma inda suke. Kotizol shi ma yana hawa, kuma ba mugu ba ne kaman yadda ake zana shi, aikinsa ne ya samo wa jiki makamashi lokacin da ake cikin wahala, ya tsare sukarin jini kar ya faɗi. Kullum da safe ma in ka tashi daga barci kotizol ɗinka yana sama, shi ke taimaka maka ka miƙe, kuma ban taɓa jin wanda ya farka ya tarar damtsensa ya zube ba. Inda kotizol ke zama bala'i shi ne in ya zauna a sama kwana da kwanaki, wata da watanni, saboda rashin barci ko damuwa ko yunwa ko magani. Tsakanin wannan da hawan awa ɗaya na cikin jim akwai nisa kaman tsakanin yayyafi da ambaliya.

Kuma an gwada abun, ba zancen majalisa ba ne. A jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, Daniel West da Stuart Phillips da abokan aikinsu sun yi wata dabara da ta burge ni. Suka samu samari 12, kowanne yana horar da hannu ɗaya shi kaɗai a wata rana, inda homon baya wani hawa, ɗaya hannun kuma a wata ranar daban sai a bi shi da atisayen ƙafa mai tsanani dan homon su cika jini. Mako 15 ana haka. Da aka auna, hannun da ya sha wankan homon bai fi ɗan uwansa girma ko ƙarfi ba. An buga wannan a 2010. A 2012 suka sake duba samari 56 da suka yi mako 12 suna atisaye, hawan testosteron bayan atisaye bai nuna wa zai fi gina jiki ba, abun dariya ma kotizol ɗin da ake gudu shi ne aka ga yana da 'yar alaƙa da ƙaruwar tsoka, ita ma ba mai ƙarfi ba. Ma'ana wanda ya fi jin jiki a atisaye kotizol ɗinsa ya fi hawa, shikenan, kaman gumi ne, alama ce ta an yi aiki.

Kar wani ya ce na ce testosteron ba shi da amfani. Yana da shi sosai, amma matakin da yake zaune a jikinka dare da rana ake magana, ba ɗan tsallen minti talatin ba. Matakin nan kuwa ba agogon jim ke riƙe da shi ba, zan zo kan wannan.

Yanzu Oga zai ce ka gani, na faɗa, a zauna awa uku. A'a Oga, da girmanka, kai ma ba ka tsira ba. Na taɓa zama na lura da awa ukun nan. In an cire gaisuwa da musun Arsenal da Chelsea da jiran benci da ɗaukar hoto gaban madubi da amsa waya, aikin gaske bai fi awa ɗaya da kwata ba. Wannan ma da sauƙi, hira ce, ba ta kashe kowa. Wanda ya fi damuna shi ne yaran da ke kwaikwayonsa su yi awa ukun da gaske, set ashirin da biyar na ƙirji a rana ɗaya, set goma na ƙarshe ƙarfen ma rawa yake a hannunsu ana taya su ɗagawa ana ihu. Tsoka tana da iyakar saƙon da take karɓa a zama ɗaya. In ta ji saƙon ta ji, abun da ya biyo baya gajiya ce kawai kake tarawa wadda sai ka biya ta da kwanaki. Binciken da Brad Schoenfeld da abokansa suka tattara a 2017 ya nuna ƙarin set yana ƙara girma, kuma set goma zuwa sama ga kowace tsoka a mako ya fi ƙasa da haka. A mako fa aka ce. Mu nan wani a yini ɗaya yake ninka wannan, gobe ya dawo ya maimaita.

In da yawan awoyin wahala ke kumbura jiki da babu wanda zai kama ƙafar masu dako a kasuwar Muda Lawal. Mutum tun safe yana sauke buhun masara da shinkafa daga mota har yamma, shekara da shekaru. Suna da ƙarfi wallahi, ƙarfin da da yawa cikin 'yan jim ba su da shi, amma dube su, yawancinsu jiki a bushe yake kaman tsumagiya, dan aikin baya ƙarewa balle jiki ya samu sararin ƙari, abincin kuma iya na mayar da abun da aka ƙona ne. In kuma zakarun duniya za a kawo hujja da su, Arnold Schwarzenegger yana yin awoyi, sau biyu a rana, ya ci gasar masu gina jiki ta Mista Olimpiya sau 7. Dorian Yates na Ingila kuwa atisayensa bai cika wuce awa guda ba, kwana huɗu a mako, ya ci sau 6 a jere daga 1992 zuwa 1997. Kowanne ɓangare na da gwaninsa kenan, kuma duk su biyun sun faɗa da bakinsu cewa sun yi amfani da siteroid, wato magungunan kumbura tsoka, dan haka ba ma'auninmu ba ne tun farko.

Akwai wani wajen da dokar minti 45 ke cutar da mai bin ta kai tsaye. Dan ya gama kafin waya ta yi ƙara sai ya riƙa gaggawa, hutun sakan talatin tsakanin set, yana haki ya koma ƙarƙashin ƙarfe. Da can ana koyar da haka ne ma da sunan wai gajeren hutu ya fi tada homon ɗin girma. Toh a 2016 Schoenfeld ɗin dai ya raba maza 21 da suka saba ɗaga ƙarfe gida biyu na mako 8, wasu na hutun minti 1 wasu minti 3, masu minti 3 suka fi samun ƙarfi kuma tsokarsu ta fi kauri. Dalilin a fili yake, wanda ya huta ya dawo da ƙarfinsa ya ɗaga nauyin da ya kamata sau adadin da ya kamata. Dan haka in hutun minti biyu ko uku zai kai atisayenka awa ɗaya da minti goma, ya kai mana. Lokaci sakamakon aikin ne, ka tsara abun da za ka yi, in ka gama ka tafi gida.

Sai hutun kwanaki, wanda nan ne na fi ganin ɓarna. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen gini ya san in an zuba dakin ba a hawa a ɗora bulo washegari, ana ba shi ruwa ana jira, birkila zai gaya maka siminti sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Babu mai ce wa birkila rago dan ya jira. Amma mu a jim mutum ya yi ƙirji da damtse Litinin, ya yi Talata, ya yi Laraba, dan su ne ake gani a riga. Ƙafa kuwa sai ka rantse haramun ce, sama kaman zaki ƙasa kaman balbela. Abun da aka sani shi ne bayan atisaye mai nauyi jiki yana ƙara saurin ƙera furotin a cikin tsokar da aka wahalar na tsawon awa 24 zuwa 48, wannan shi ne ginin kansa. Ɗaga ƙarfen oda ce kawai ka bayar, magina suna shiga aiki ne bayan ka tafi. Shi ya sa tsarin da ya fi hankali ga irinmu shi ne kowace tsoka a taɓa ta kaman sau biyu a mako da tazarar kwana biyu ko uku, kwana uku ko huɗu a jim ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abun da ta ce wa baligi shi ne atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kuma jijiya da gaɓoɓi sun fi tsoka jinkirin warkewa, shi ya sa za ka ga ɗan shekara ashirin da biyar yana ɗaure gwiwar hannu da tsumma yana shafa man zafi a kafaɗa kaman tsoho.

Yanzu ga jakin da kansa, barci. In da gaske testosteron ne ya dami samarinmu da maganar barci za ta fi yawa a jim fiye da maganar minti. Testosteron yana hawa ne lokacin da kake barci, shi ya sa ya fi yawa da safe, kuma kaso mafi girma na homon ɗin girma yana fitowa ne a nannauyan barcin farkon dare. A 2011 Rachel Leproult da Eve Van Cauter na jami'ar Shikago sun sa samari 10 masu lafiya barcin awa 5 kacal na mako guda, testosteron ɗinsu na rana ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mako guda fa. Wani binciken na 2010 a jami'ar dai, mutane masu rage ƙiba da abinci iri ɗaya, lokacin da aka ba su awa 5 da rabi na kwanciya maimakon 8 da rabi, kitsen da suka zubar ya ragu da fiye da rabi, asarar naman jiki kuma ta ƙaru da kashi 60 cikin ɗari.

Toh mu lissafa daren saurayin Bauchi tsakani da Allah. An gama jim magariba, isha'i, a wuce gidan kallon ƙwallo in ranar kofin zakarun Turai ce, wasa ya tashi wajen goma ko sha ɗaya, a tsaya teburin mai shayi a sake buga wasan da baki, a sha shayi mai kauri, wani ma ya kora da lemon ƙarin kuzari mai cike da sinadarin kafin mai hana barci. A shiga ɗaki sha biyu, a ɗauko waya dan datar dare ta fi arha, chatin da budurwa, bidiyo, sai ɗaya da rabi ko biyu. Ƙarfe biyar ladan ya kira asuba. Awa nawa kenan? Uku, in an yi sa'a uku da rabi. Kuma wannan mutumin ne zai zo da yamma yana min lacca kan minti biyar da za su zubar masa da testosteron. Na san akwai abun da ba laifinmu ba, a watan Maris da Afrilu ɗaki kaman tanda yake, ba wuta, fanka ta tsaya, in ka fito tsakar gida sauro ya karɓe ka, wani kuma aikin dare yake ko yana tuƙa Keke Napep har sha ɗaya dan ya cika balas. Ban raina wannan ba. Amma waya da shayin sha biyun dare ba zafi ne ya ɗora mana su ba.

Ni kaina na yi wata takwas nauyin da nake ɗagawa a benci bai motsa ba. Na ƙara set, na ƙara kwana, na sayi wani garin furotin mai tsada da har yau in na tuna kuɗin sai raina ya ɓaci. Abun da ya warware matsalar ba dabarata ba ce, wayata ce ta faɗa ruwa, na yi kusan sati uku da ƙaramar Nokia ta matata. Ba abun kallo, ƙarfe goma na yi barci. A cikin satin nan kuma aiki ya sa na koma zuwa jim sau uku maimakon shida. Ranar da na kwanta a benci nauyin da ya gagare ni wata takwas ya tashi har sau uku, na zauna ina kallon ƙarfen kaman an canza shi. Ba bincike ba ne wannan, labarin mutum ɗaya ne, amma tun daga lokacin na daina yi wa ƙailula kallon aikin tsofaffi. In dare ya gaza, minti ashirin ko talatin bayan azahar yana rage asara. Kuma mu da muka taso da hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinka yana da haƙƙi a kanka, lokacin da yake azumi kullum yana raya dare gaba ɗaya, ibada ma kenan aka ce a sassauta, ina ga ƙarfen mai walda.

Ga kuma abun da ya sa na ce maganar nan ta jama'a ce, kuma shi ne ya fi ba ni haushi. Yaron da ke tsoron kotizol na minti biyar, in wata uku ya wuce bai ga jiki ba saboda baya barci baya cin abun kirki, sai wani ya raɗa masa sha ka fashe. Da mata aka fi sani da shi, yanzu samari ma sun shiga. Cikin ƙwayoyin da ake haɗawa da wannan sunan akwai dezametazon, kuma dezametazon ɗan gidan su kotizol ne, na roba, wanda ya fi shi ƙarfi kusan sau 25. Ka ji fa. Abun da kake gudu a jim shi ka saya da kuɗinka ka haɗiya ninki ashirin da biyar. Zai buɗe maka ciki, ya tara ruwa, fuska ta yi zagaye kaman faranti, tumbi da ƙeya su yi kitse, sikeli ya hau kana murna, a ƙasa kuwa tsokar cinya da kafaɗa yake ci, yana tada sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. In ka daɗe a kansa kuma ba a yanke shi rana ɗaya, dan jiki ya riga ya rage yin nasa kotizol ɗin, sai likita ya sauke ka a hankali. Magani ne mai ceton rai a hannun likita, amma a nan sai a ƙirga maka shi a leda kaman alewa.

Masu 'yan kuɗi kuma allura suke nema. Ba zan yi ƙarya in ce ba ta aiki ba, dan ƙaryar ce ke sa yara su daina yarda da mu. A 1996 Shalender Bhasin da abokansa a Amurka sun ba maza miligiram 600 na testosteron duk mako har mako 10, waɗanda suka sha allurar ba tare da atisaye ba sun ƙara kusan kilo 3 na naman jiki, sun fi masu atisaye ba allura da suka ƙara kusan kilo 2, masu haɗa biyun suka ƙara kilo 6. Wannan ya nuna maka irin yawan homon da ake buƙata kafin ya yi tasiri haka, ninkin ba ninkin abun da jiki ke yi, ba ɗan tsallen bayan atisaye ba. Amma kuɗin da ake biya fa? In jiki ya ga testosteron na shigowa daga waje sai ya rufe masana'antarsa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har ya kai wani baya iya haihuwa na tsawon lokaci, ga nono irin na mata, ga zuciya. A garin da in an yi aure shekara ɗaya ba ciki dangi sun fara kallon amarya, kuma ita za a fara kaiwa asibiti da wajen masu magani, alhali ango ne ya yi wa kansa a bayan jim.

Abinci ba zan daɗe a kai ba dan kowa ya san halin da ake ciki. Abun da bincike ya tsaya a kai shi ne kaman giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinka a rana, mai kilo 65 yana neman giram ɗari da ɗan ɗoriya kenan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, in da ƙwai kaɗai za ka cika sai ka ci 17, wa zai iya a wannan marrar. Amma muna da awara, muna da wake da alale da ƙosai, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, nono da kindirmo, busasshen kifi, in an samu hali tsire ko balangu. Masar Bauchi daɗi ne da ita ba musu, amma masa goma da miya ba za ta gina damtse ba sai an haɗa mata da wani abu. Abun da nake so a gane shi ne atisaye bashi ne kake ci a jikinka, abinci da barci ke biya. In ka san wannan watan aljihu ba nauyi, ko jarabawa ta hana ka barci, ko azumi ne, rage set ɗin, riƙe nauyin, ka yi minti talatin ko arba'in bayan shan ruwa ka tafi. Tsokar da aka riga aka gina ba ta buƙatar aiki mai yawa kafin ta zauna.

Abu ɗaya da masu jim ya kamata su sani ko ba su san komai ba. In sabon zuwa ya zo, musamman lokacin zafi, a daina wannan al'adar ta a gwada shi a ga ko namiji ne, a sa shi tsallen kwaɗo ɗari biyu ranar farko ana dariya. Akwai ciwon da tsoka ke farfashewa ta zuba cikin jini ta toshe ƙoda. Alamarsa ciwon jiki da ya wuce misali, kumburi, da fitsari ya koma kalar shayin da ba madara ko Coca-Cola. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba, ba kuma ƙwayar kashe ciwo ba dan wasunsu ƙara wa ƙodar nauyi suke. Wankin ƙoda ba abun da talaka ke fatan ya ji kuɗinsa ba ne. Mai jim da ke karɓar kuɗin wata a hannun yaran mutane, ko takarda ce ya samu ya rubuta wannan ya manna a bango kusa da hoton ƙattin Amurkan da ya liƙa, ya kuma kori duk mai shigo masa da ƙwaya ko allura yana tallatawa a ɓoye, dan kowa ya san su waye.

Shi yaron mai agogo na same shi bayan kwana biyu, na ce ƙanena nuna min wayarka, ba lokacin jim ba, wajen da take nuna awa nawa ka yi kana kallonta jiya. Awa tara da minti goma sha, kuma ƙarfe biyu da kwata na dare ya ajiye ta. Na ce ƙararrawar nan da ka saita ta minti 45, mayar da ita ƙarfe goma da rabi na dare. Ya ce Yaya ai ranar Laraba akwai wasan Madrid. Na ce toh banda Laraba. Oga kuwa har yanzu yana nan daga la'asar zuwa magariba, na lura dai kwanan nan ya fara zuwa da ɗaurin bandeji a kafaɗar dama, in an tambaye shi sai ya ce sanyi ne.